Hantar Ragon Yaya Sha'aibu

Tun ranar da Yaya Sha'aibu ya mari 'yarta Zulfa, Dijatu ba ta ƙara kallon fuskarsa ba. Yayan mijinta ne, shi ne babba a gidansu na Azuba, mijin nata kuwa kullum yana kan hanya da motar doya. Da magariba ne yarinyar, 'yar shekara biyar, ta yi tuntuɓe da butar alwalarsa, ruwa ya jiƙa masa riga.

"Ke makauniya ce?" ya ce, ya ɗauke ta da mari. Sawun yatsunsa ya kwana a kumatunta.

Gaskiyar magana, da zarar rana ta faɗi Zulfa ba ta gani. Dundumi ne. A asibiti nas ta duba idon ta ce ƙarancin bitamin A ne, maganin da ake ɗiga wa yara a baki kuma ya ƙare musu. Ta ce a riƙa ba ta zogale da gwanda, da manjan da ba a soya har ya yi fari ba, amma babu kamar hanta. In aka yi sakaci, idon zai iya mutuwa gaba ɗaya.

Babbar Sallah ta matso. A gidan nan, hantar ragon layya ita ake fara gasawa, a kai wa Sha'aibu ya karya da ita shi da baƙinsa. Mata da yara ko ƙamshinta ba nasu ba ne. Dijatu ta je ta durƙusa a gabansa.

"Yaya, a taimaka wa Zulfa da ɗan yanki. Nas ce ta ce."

Ya yi dariya. "Yarinya da hanta? Gobe kuma ta ce kan ragon take so. Ki ba ta huhu."

Dijatu ta tashi ta tafi, amma maganar ta zauna mata a ƙirji kamar garwashi.

Ranar Sallah aka miƙo mata kayan ciki a madafa. Ta gasa hantar da kyau, ta zaunar da Zulfa a cinyarta ta ba ta yanki. Sauran ta soya ta ɓoye a tukunya ƙarƙashin gado, na 'yan kwanaki. Sannan ta yanka huhu ƙanana, ta gasa, ta bulbule shi da yaji da albasa, ta rufe a kwanon da ya fi kyau, ta kai zaure da kanta.

Tertsea, maƙwabcinsu, shi ya fara kai loma. Ya tauna, ya tauna.

"Alhaji, wannan hanta naka kamar soso fa. Ragon yana shan taba ne?"

Zaure ya kaure da dariya. Sha'aibu ya tofar da na bakinsa.

"Dije! Ina hantata?"

"Tana cikin makauniyar, Yaya," ta ce, idonta a cikin nasa. "Huhun kuma kai ka ce abin ci ne."

Ya rantse ba zai ƙara cin girkinta ba. Ta ce to, ta kwashe kwanonta.

Kafin naman Sallah ya ƙare, wata magariba suna tsakar gida, Zulfa ta ja zanenta.

"Umma, ga jemagu can suna fita daga mangwaro. Da yawa!"

Dijatu ta ɗaga kai. Ita kanta da ƙyar ta hango su.