Ciwon Hannun Brimah

Hannun Brimah na dama ya kumbura har ya daina shiga ramin almakashi. Tela ne a Zangon Kumasi, ga ɗinkunan salla jibge a shago. Rauni ne ɗan ƙarami a gaɓar yatsan tsakiya. Ya ce ƙofar trotro, motar haya, ce ta datse shi.

Mahaifiyarsa, Mma Kadijatu, ta gasa wurin da ruwan zafi, ta shafa man kaɗanya. Mai kemis ya ba da ƙwayoyi. Hannun ya ci gaba da hawa, zazzaɓi ya biyo baya, sai wari. A makon ne kuma ƙanensa Sadick, direban tasi da ke zaune a unguwar Atonsu, ya zo gaishe ta da fasasshen leɓe da giɓi a gaba. Ya ce babur ne ya kayar da shi. Ta yi wa kowanne addu'a, ta ce shekarar ta zo musu da tsautsayi.

A asibiti aka tsaga hannun, aka ɗebi mugunya aka kai ɗakin gwaji. Sakamako ya dawo babu komai. Maƙwabta suka fara cewa ciwon da asibiti bai gani ba, ai hannu aka sa. Likitar, Dakta Hikma, 'yar Ayigya Zango, ta sa aka sake ɗiba, aka ajiye ya daɗe. Mma Kadijatu na bakin gado ranar da likitar ta dawo da sakamakon.

"Mma, abin ya fito," in ji likitar. "Ƙwayar cuta ce mai wuyar tsirowa a gwaji, shi ya sa ta ɓuya mana. A bakin ɗan Adam take zama, can ba ta cika cutarwa ba. Sai ta shiga gaɓa take ɓarna." Ta juya ga majinyacin. "Malam Brimah, ƙofar mota ba ta da haƙori. Da ka faɗa mini tun farko, da ba ta kai ga jijiya ba."

Brimah ya zuba wa silin ido. Mma Kadijatu ta gyara mayafinta. Ba ta yi boko ba, amma ta san wanda ya rasa haƙori a gidanta. Ta bari har likitar ta fita.

"A kan me?"

"A kanki, Mma. Cewa ya yi zai ɗauke ki zuwa Atonsu, wai ba na kula da ke."

"Sai ka kai masa naushi."



Aka canja magani, aka sake shiga da shi tiyata. Hannun ya tsira, yatsan dai ya sandare, ba ya lanƙwasuwa. Salla ta wuce, masu ɗinki suka kwashe yadukansu. Sadick ne ya zo da tasinsa ranar sallama. Ya kawo su gida, ba wanda ya tayar da zancen faɗan. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, amma ba a taɓa jin sun zauna sulhu ba.

Sadick ya kwana a gidan. Da safe suka tarar da Mma Kadijatu a tsakar gida, ta ɗaure kayanta a zane.

"Atonsu za mu, Mma?" Sadick ya tambaya.

"Oforikrom, wurin ƙanwata. Tun bara take kirana." Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Kun yi shawararku, kun gama. Ni ba wanda ya tambaye ni."

Sadick ya miƙa hannu zai karɓi ƙullin, ta ce ya bari, trotro za ta hau. Ta ɗora kayanta a ka ta fita. Suka tsaya a bakin ƙofa har ta sha kwana.

Can Brimah ya ce, "Ka karya?"

"A'a."

"Akwai koko a ciki. Sai dai kai za ka zuba."