Soket Ɗaya a Ɗakin Baba

Motar Rabe ba ta da wani laifi sai ƙin sanyi. Tsohuwar van ce mai shan dizal, mai kujeru a baya, kuma lokacin zafi lafiya lau take zirga-zirga a unguwarsu ta Longsight, tana kwasar buhunan shinkafa da sababbin ɗalibai da akwatunansu. Amma da zarar Disamba ta kama sai ta koma kamar tsohon da aka tasa daga barci, ta yi tari, ta yi nishi, ta yi shiru. Maganar sauya ta kuwa ba ta taso ba. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, council ɗin, wato ƙaramar hukumar da Rabe ke wa aikin akanta, sai rage ma'aikata take yi, wanda ya tsira da kujerarsa ma hamdala yake.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne abin da ta yi masa bara a unguwar Handsworth, can a Birmingham, a ƙofar gidan surukinsa Dakta Jumare. Ta ƙi tashi ƙememe, har dattijon, likita mai ritaya mai ciwon gwiwa, ya tattare babbar riga ya sa hannu a turi. Rabe na riƙe da sitiyari yana hango hular surukinsa ta madubi, ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Dakta bai taɓa tayar da maganar ba, shirun kuwa ya fi faɗa ciwo.

Ga shi yanzu Rabi'a, ƙanwar matarsa Murja, ta haihu a Birmingham, kuma an riga an yanke cewa motar Rabe ce za ta kai Baba, wato surukin nasa, da sauran dattawa masallaci a unguwar Sparkbrook don raɗin suna, da sassafe. Rabe ya ƙudura a ransa cewa ko me za a yi, surukinsa ba zai sake taɓa bayan motar nan ba.

Ya nufi abokinsa Abdulsalam, injiniyan da ya taɓa zama Kanada, wanda tun daga nan ba ya ganin sanyin kowa da daraja.

"Wannan ai ba sanyi ba ne," in ji Abdulsalam. "Amma dai block heater kake buƙata. Hita ce ta inji, ka jona ta da wutar gida, ta ɗumama shi kafin ka murza makulli."

"Wace iri?"

"Akwai wadda ake mannawa a ƙarƙashi, inda baƙin mai ke taruwa. Cheap ce, amma mai kawai take ɗumamawa. Akwai wadda ake cusawa a jikin injin kansa, ita ce best, sai dai bakanike zai cire wani murfin ƙarfe da ya shekara ashirin yana tsatsa. A motarka? Mutumina, in aka taɓa wurin nan ban san me zai biyo baya ba."

"Ka daina zagin motata, ka faɗi ta uku."

Ta ukun ita ce wadda ake yanka tiyon ruwa a sa ta a tsakani, ta riƙa zagaya ruwan ɗumi cikin inji. Ita Rabe ya zaɓa, bayan ya ishi Murja da karanto mata ra'ayoyin mutanen Norway a intanet har tana barci a zaune. Aka ɗaura, ya gwada a gida, motar ta tashi bugu ɗaya. Rabe ya shiga yana taƙama kamar shi ya ƙera ta.

Sai da suka isa Handsworth ranar jajibirin suna ya ga abin da bai lissafa ba. Gidan irin na jere ne, ba gareji, ba soket a waje. Tagar da ke kallon titi guda ce a ƙasa, ta ɗakin Baba, inda ya dawo da kwana tun da gwiwa ta hana shi hawa bene.

To, wa zai iya? Rabe ko ruwa ba ya sha a gaban surukinsa. Gaisuwa ma daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ido a ƙasa, Baba ya amsa yana kallon bango. Mutumin nan ne zai ce masa, a buɗe taga cikin wannan sanyi a jona min mota?

"Ke ki faɗa masa," ya raɗa wa Murja.

"Ni? Ka manta ni ce 'yar fari? Ko sunana ba ya kira, sai dai yarinyar nan."

"To Mama fa?"

Murja ta sami mahaifiyarta Hajiya Kulu a kicin, tsakanin tukwanen waina da mata masu surutu, ta yi mata bayani. Hajiya ta ce, "To," ta ci gaba da juya ƙullu. Daga wannan "to" ba a sake jin komai ba. Rabe ya ajiye naɗin wayar wutar da ya zo da shi a bayan ƙofar shiga, ya hau sama ya kwanta da fargaba, yana addu'ar Allah Ya sa garin ya sassauta.

Garin bai sassauta ba. Da asuba ya sauko ya tarar gilasan motoci duk sun yi fari fat. Sai ya ga waya ta fito ta tagar Baba, an cusa tawul a ramin da ya rage, ta ratsa hanyar masu tafiya a ƙasa an rufe ta da tabarmar share ƙafa don kada wani ya yi tuntuɓe, ta shige gaban motarsa daidai inda ya kamata. Ya ɗora hannu a kan bonet, ya ji ɗumi.

Ya koma ya durƙusa a ƙofar ɗakin zai yi gaisuwa. Sanyin da ya bugo shi daga ciki ya fi na titi. Baba na zaune a kan darduma cikin kwat da safar hannu, ya naɗe kai da mayafin Hajiya. A gefe ga 'yar hitarsa ta ɗaki a kashe, filoginta a ƙasa. Soket ɗaya ne a bangon, kuma mota aka ba.

Rabe ya san ko awa biyu kafin asuba sun isa, haka kwalin hitar motar ya ce. Dattijon kuwa tun bayan isha'i ya jona. Ya yi gaisuwa ido a ƙasa, ya tashi ya koma wajen motar.

Dattawa suka shiga suka zauna, Baba a gaba. Rabe ya yi bismillah ya murza makulli. Ta tashi bugu ɗaya, ba tari ba nishi, iska mai ɗumi ta fara hurowa a ƙafafunsu. Wani daga baya ya ce, "A'a, motar nan ta yi hankali."

Baba ya cire safar hannu ya miƙa tafukansa ga ramin iskar. Ya dubi titi, ba Rabe ba, ya ce, "A gaya wa mai motar nan, abin da ya sayo yana da kyau. Kuma in ya sake zuwa, ba sai an bi ta kicin ba. Taga tawa ce, shi ma nawa ne."

Rabe ya ce, "To, Baba." Ya sa giya, ya ɗauki hanyar Sparkbrook a hankali, don idanunsa sun cika bai cika ganin titin sosai ba.