Awon Jinƙai a Falon Goggo

Saura kwana uku Nuriyya ta kare kundin digirinta a Paris, sai ta sauka unguwar Minguettes wurin goggonta Hajiya Rakiya, mai wankan gawa, don ta gwada jawabinta.

Kundin a kan dokar Ingila ta 1855 yake, wadda ta hana jirgin ruwa kwasar leburorin Sin daga Hong Kong sai ya ware wa kowa wurin kwanciya. Furofesanta "jinƙai" yake kiran dokar, kuma yana cikin masu yanke mata hukunci, don haka da kalmar ta buɗe jawabin.

"Wurin nawa ne?" in ji Hajiya.

"Kamar ƙafa shida tsawo, biyu faɗi, Goggo."

Hajiya ta ture tebur, ta auna a ƙasa, ta ajiye takalmi a kowace kusurwa.

"Kwanta."

Nuriyya ta kwanta.

"Juya."

"Ba wuri, Goggo."

"Wata nawa za a yi haka?"

"Kusan huɗu, in Kuba aka nufa."

"To, 'yar nan, ai wannan awon nake ba masu haƙa kabari. Sai dai nawa mutanen ba sa amai."

"Amma kafin dokar ko wannan babu. Furofesa ya ce..."

"Shi ya taɓa kwantawa?"

Nuriyya ta kalli rufi. Tana nan kwance ta jawo takardar jawabin, ta soke kalmar "jinƙai", sannan ta tambayi Goggo ko za ta ara mata takalman zuwa Litinin, ranar kare kundin.