Irin Citta a Gindin Mangwaro

Mu goma sha biyu muka ɗaga hannu a bayan coci a Kagoro, ranar zumuntar mata, muka yi alkawari babu mai sayar da irin cittarta. Ni Milka na kawo maganar, kuma har gobe ban yi nadama ba. Ciwo ya ruɓar da gonaki a waccan shekara, ɗan abin da ya tsira shi ne irinmu. Muka haƙa rami a gindin mangwarona, kowa ta zuba nata, muka rufe da ciyawa sai damina.

Sai ga dillalai daga Kafanchan da motoci. Wai masu saye a ƙasashen waje sun matsa, ɗanya ko busasshiya, a kawo. Ji fa! Mutumin da bai san inda Kagoro take ba yana son shayi mai yaji, shi ke nan mu tone shukar baɗi.

Faustina ce ta fara zuwa da buhu, mijinta na asibiti. Na taya ta tonowa. Sauran suka biyo ɗaya bayan ɗaya. Asibi kuwa, aminiyata tun muna 'yammata, sai da ta ga na tafi kasuwa ta zo ta tone nata. Allah ya sani, wannan ya ci mini rai.

Da ruwan fari ya sauka, nawa kaɗai ya rage. Na ɓalla shi, kowace gunduwa da idonta, na kasa kashi goma sha biyu. A wajenmu ba a kai wa mace iri har ƙofa kamar sadaka, sai dai ta yi maka aiki ka ce ga na gode. Don haka na kira gayya, na tuƙa tuwon acca, ban faɗa wa kowa zancen kason ba.

Ko mutum ɗaya! Kunya ta hana su. Rana ta take, tuwo ya huce, ni kaɗai a bakin gona.

Na ɗora kason Asibi a ka, ina mita har gidanta. Mijinta Meshak ya fito.

"Maman Justin, ai ta tafi Abuja aikin gida tun shekaranjiya. Ta ce ba za ta iya haɗa ido da ke ba."

"To wannan fa? Nata ne."

Ya daɗe yana kallon kwandon. "Gonar mun ba wani, ya shuka masara."

Na juyo da kayana. Hanyar ba nisa, amma sau biyu ina saukewa ina zama.