Keken Ɗinki a Barandar Makaranta

Kaka mai ɗinki ce, kuma idonta ya fara gajiya. Ƙafarta tana nan da ƙarfinta a kan keke, hannunta bai manta yadda ake juya wuyan riga ba, amma ramin allura ya daina ganuwa gare ta. Saboda haka kullum da safe, kafin jikarta ta tafi makaranta, sai ta zura mata zare a allurar keke, ta zura wa alluran hannu, ta soke su a jikin labule inda Kaka za ta lalubo.

Jikar nan Shalele kowa a layin yake ce mata, har malamai. Uwarta ita ce 'yar Kaka guda ɗaya tilo, ta rasu tun Shalele ba ta iya ɗaura ɗankwali ba. A gadon asibiti, da muryar da sai an sunkuya ake ji, ta ce, "Inna, ko me za a yi, kada ki cire ta daga makaranta." Kaka ta ce ta ji. Ba ta taɓa gaya wa kowa wannan maganar ba, amma ita take tashinta da asuba.

Zamansu su biyu zama ne mai daɗi. Ɗaki ɗaya, gado ɗaya, keke a bakin taga, buhun ƙyallaye a ƙarƙashin tebur.

"Tsohuwa, in na zama likita wa zai riƙa zura miki zare?" in ji Shalele, tana lasar bakin zaren.

"Sai ki saya mini tabarau, sarkin surutu. Wuce, kin makara."

Ana cikin haka sai Shalele ta fara ciwon ciki. Ciwo ne mai wayo. Ba ya zuwa ranar hutu, ba ya zuwa lokacin cin abinci, sai da safe in an ɗauko jakar makaranta. Kaka ta ba ta magani, ta shafa mata mai, daga baya ta matsa mata da tambaya. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ba na son malamin lissafi."

Kaka ta yi dariya har da tafa hannu. "Wa ya taɓa son malamin lissafi? Uwarki ma haka ta yi ta fama."

A layinsu akwai abin da kowace uwa take yi in yaro ya fara gudun makaranta. Ba a tsayawa dogon bincike. A kama hannunsa, a kai shi gaban malamin da yake gudu, a ce, "Malam, ga shi nan, naka ne." A wurinsu wannan shi ne girmama ilimi. Kaka ma haka ta yi. Ta yafa mayafinta na fita, ta ja Shalele har ƙofar aji.

Malamin lissafi dogo ne, tsaf-tsaf, yana ƙamshin turare. Har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ta. "Haba Mama, ai Shalele 'yata ce," ya ce. "Ki bar mini ita. In an tashi sai ta riƙa tsayawa a ɗakin ajiyar littattafai ina ƙara mata darasi, can babu hayaniya."

Kaka ta yi ta sa masa albarka. Ta hango bakin wandonsa ya warware, ta ce ya aiko da shi ta kama masa. Hannun Shalele da ke cikin nata ya yi sanyi ƙalau, amma Kaka ta ɗauka kunya ce. Ta zare hannunta ta koma gida da farin cikinta.

Da lokacin tashi ya wuce Shalele ba ta dawo ba, Kaka ta ce a ranta, to, an fara darasi. Tana cikin taka keke sai ga maƙwabciyarta, matar Kafinta, ta faɗo ɗakin ko sallama babu.

"Kaka, sauke ƙafarki daga keken nan, ki zo."

A ɗakin matar Kafinta ta sami Shalele a takure bayan gado, takalmi ƙafa ɗaya, ba jaka. Da ƙyar maganar ta fito. Ashe ba yau aka fara ba. Malamin yakan kira 'yan mata ɗaya bayan ɗaya, wai su jera littattafai, sai ya tura ƙofa ya sa sakata. Ya riƙe wa yarinya hannu, ya gaya mata maganganun da babba ba ya gaya wa yaro, sannan ya ce in ta faɗa zai kayar da ita a jarrabawa, kuma ba wanda zai yarda da ita. Yau da ya juya zai sa sakata, Shalele ta sulale ta ƙarƙashin hannunsa ta ruga.

Sai aka ji shessheƙa daga bakin ƙofa. 'Yar gidan ce, wadda ake kira Doguwa. Bara ta daina zuwa makaranta, kowa ya ce kanta ne ba ya ja.

"Ni ma shi ya sa na daina," ta ce.

Matar Kafinta ta zauna daɓas a ƙasa. "Ni ma da hannuna na kai masa ita, Kaka. Har dukanta na yi a hanya."

Kaka ta jawo jikarta jikinta. "Kin gaya mini, ban ji ba. Ki yafe wa tsohuwa."

"Ba zan koma ba, Kaka," in ji Shalele. "Ko za ki kashe ni."

Kaka ta ƙara rungume ta. Muryar nan ta gadon asibiti ta dawo mata a kunne sarai. Ba za ta sake jan yarinyar nan da ƙarfi ba, ba kuma za ta bar ta a gida ba.

Kashegari ɗakin Kaka ya cika. Ga mai kitso, ga matar direba, ga mai sayar da gawayi da hannunta baƙi ƙirin. Da aka fara buɗe baki sai ga shi kusan kowace ta taɓa kama hannun 'yarta ta miƙa wa malamin.

"Ashe mu ne 'yan aikensa," in ji mai kitso. "Har ƙofa muke kai masa, mu yi godiya mu tafi."

Kafinta yana waje yana huci, guduma a hannu, wai a nuna masa mutumin kawai. Kaka ta leƙo ta taga.

"Ajiye abin nan. In ka fasa masa kai, kai za a ɗaure, shi ya zama abin tausayi. Wa zai ci da gidanka, ni?"

Suka ɗunguma ofishin hedimasta. Dattijo ne mai furfura, ya kusa ritaya, ba mugu ba ne amma tsoron magana yake kamar me. Ya saurare su yana share gumi a ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa.

"Iyayena, a rufa wa makaranta asiri," ya ce. "Zan nemi a sauya masa wurin aiki, shiru-shiru, ba sai duniya ta ji ba."

"Ranka ya daɗe," in ji Kaka, "makarantar da za a kai shi, awaki ne ke karatu a can?"

Mai gawayi ta fashe da dariya, matar direba ta zungure ta.

"Ofishin ilimi za ka sanar," Kaka ta ci gaba. "Ka faɗa musu abin da ya yi, su zo su ji daga bakin yaran."

Hedimasta ya ce irin wannan abu yana da hanyoyinsa, yana cin lokaci. Ya ce zai duba.

A hanyar gida Kaka ta ce da matan, "Na san 'zan duba'. Ita nake gaya wa mai kaya in ko yanka yadinsa ban yi ba."

Da gari ya waye ta sa Kafinta ya ɗora kekenta a baro. Ta ɗauki buhun ƙyallaye da kujerarta, sannan ta dubi Shalele da ke kwance ta juya wa duniya baya.

"Ban ce ki shiga aji ba. Ban ce ki sa kayan makaranta ba. Amma in zare ya tsinke mini a can, wa zai zura? Hedimasta?"

Shalele ta tashi ta nemi takalmin gida.

Aka sauke keke a barandar makaranta, daidai gaban ɗakin ajiyar littattafai. Kaka ta gyara zama ta fara takawa. Hedimasta ya fito da sauri har hularsa na karkacewa.

"Mama, nan fa ba shago ba ne."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ranar da mutanen ofis suka zo zan kwashe kayana."

Bai iya korar tsohuwa ba, ya koma ciki. Kafin rana ta take, mai kitso ta iso da tabarmarta da matar da take yi wa kitso, kai rabi a tsefe. Matar direba ta zo da saƙarta. Daga ranar baranda ba ta sake zama ba kowa ba. In wannan ta tafi ɗora tukunya, waccan ta zauna. Ba wanda ya zagi malamin lissafi. In ya zo wucewa sai hira ta tsaya, idanu su raka shi har ya shige. Durƙuson gaisuwa ya ƙare, turaren ma kamar ya daina ƙamshi. Wata malama ta kawo wa Kaka ruwa a kofi, ta sunkuya kamar tana kallon ɗinki, ta ce a hankali, "Mama, kada ki tashi. Na taɓa kai ƙara, aka ce in yi haƙuri."

Shalele kuwa tana zaune a bayan Kaka, a kan buhun ƙyallaye. Tagar ajinsu tana kusa. Rannan malamar kimiyya ta yi tambaya, aji ya yi tsit, sai Kaka ta ji amsar ta fito daga bayanta, ƙasa-ƙasa. Ta yi kamar ba ta ji ba, ta ci gaba da taka keke. Bayan kwana biyu yarinyar ta sa kayan makaranta, wai don kada a yi ta kallonta. Daga nan ta fara shiga aji in darasin malamar ne, ta fito in na lissafi ne. Zaren Kaka kuwa ya koyi tsinkewa daidai lokacin lissafi.

Labari ya bazu. Iyaye maza suka fara tsayawa a bakin get suna tambayar me tela take yi a makaranta. Hedimasta ya ga abin da yake ɓoyewa ya riga ya fito titi, ya ɗauki waya ya kira ofishin ilimi.

Wata mata ce ta zo daga ofishin ilimi, gajeriya mai tabarau, da abokin aikinta. Ta sa aka kai mata kujera gindin bishiya, ta saurari 'yan matan ɗaya bayan ɗaya, uwar kowace tana nesa kaɗan inda yarinya za ta iya ganinta. Doguwa ma ta zo ta faɗi nata. Da aka zo kan Shalele, Kaka ta tsayar da keke, ta haɗa hannuwanta a cinya. Ba ta jin abin da ake faɗa, amma ta ga jikarta ta ɗaga kai tana magana, ba ta sunkuya ba.

A ranar aka dakatar da malamin. Daga baya aka raba shi da aikin koyarwa gaba ɗaya, aka miƙa maganarsa ga 'yan sanda. Hedimasta ma ya sha faɗa a kan ƙarar da ya danne. Kafin matar ta shiga mota ta tsaya gaban ɗakin ajiya, ta taɓa sakatar nan da yatsa.

"Wannan ƙofar, littattafai take tsarewa ko me? A cire ta."

"Ranki ya daɗe, ga ni," in ji Kafinta. Ashe gudumarsa tana cikin aljihu tun safe.

Bai yar da ƙofar ba. Ya goge ta, ya yi mata ƙafafu, ta zama benci a baranda. Hedimasta da kansa ya ce duk uwa ko uban da ya ga dama ya zo ya zauna, ba sai ya nemi izini ba.

Kaka dai ba ta kwashe kayanta nan take ba, duk da alkawarin da ta yi. Barandar ta yi mata daɗi. Ga iska, ga hira, ga yara suna kawo mata aljihun da ya yage. Sai rannan lokacin hutun tara Shalele ta fito daga aji, alli a gefen hancinta, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Kaka, don Allah ki koma gida."

"Korata kike?"

"Ƙarar kekenki ba ta barinmu mu ji sabuwar malamar lissafi. Kuma yara suna ce mini jikar mai gadi."

Mai kitso ta yi dariya har ta saki kan da take kama. Kaka ta harari jikarta, amma bakinta ya ƙi rufuwa.

"To, uwar iyayi. Kira mini Kafinta da baronsa."

Kashegari keke ya koma bakin tagarsa. Shalele ta zura zare a allurar keke, ta soke alluran hannu a labule, ta suri jaka. Doguwa tana jiranta a waje, sanye da sabon siket ɗin makaranta da Kaka ta ƙara wa tsawo. Kaka ta bi su da ido har suka sha kwana. Ta ɗan jima a tsaye, hannunta a kan labule.

"Tana zuwa makaranta," ta ce a hankali, kamar 'yarta marigayiya tana cikin ɗakin. Ta goge ido da gefen mayafi, ta zauna, ta ɗora ƙafa a kan keke.