Ƙwayar Ƙarƙashin Harshe

"Haɗiye mana, Baba! Kai yaro ne?"

Mai Kitso ta tallafo ƙeyar tsohon da hannu ɗaya, ɗayan kuma na riƙe da kofin ruwa. Maƙwabcinta ne, mai gyaran agogo, katanga ce kawai tsakaninsu. Ƙarar faɗuwar kujera ta jiyo, ta bar kan da take kitsawa rabi, ta ruga ta same shi zaune dirshan a ƙasa, dafe da ƙirji, zufa na keto masa. Wata 'yar kwalba ce a hannunsa ya kasa buɗewa. Ita ta buɗe, ta sa masa ƙwaya ɗaya a baki.

Sai ya tura ƙwayar ƙarƙashin harshe, ya rufe baki gam.

Ita kuwa mace ce da ta raini yara cike da gida, babu salon ƙin magani da ba ta gani ba. Ya kau da kai, ya ture kofin, yana son magana numfashi ya hana. Ta matse masa kumatu ta ɗura ruwa, ya haɗiye. Ya ɗago ya yi mata wani irin kallo, ba na fushi ba.

"Yauwa, ko kai fa? Yanzu za ka ji sauƙi."

Sauƙi bai zo ba. Ta ƙara masa ta biyu, ita ma da ruwa. Aka kira mota, a hanyar asibiti ya cika.

Washegari da yamma, bayan mutane sun ragu, 'yarsa tilo ta zo ta zauna kusa da Mai Kitso a bakin ƙofa, idanunta sun kumbura.

"Inna, ba ni da bakin gode miki. Ba don ke ba, da shi kaɗai zai mutu." Ta ja hanci. "Abin da ke sanyaya min rai, an ce ya samu maganinsa. Kin san ƙwayar nan ba a haɗiye ta. Likita ya ce ƙarƙashin harshe take narkewa ta shiga jini nan take. In ta sauka ciki, hanta ke cinye ta, abin da ke kaiwa jini bai taka kara ya karya ba. In na ce masa ya sha magani sai ya yi dariya, ya ce wannan ba sha ake ba, harshe ake ba ajiya."

Magani ai sha ake yi, haka Mai Kitso ta taso ta ji kowa na faɗa. Ko da ƙwayar ta narke zai rayu? Babu wanda ya sani. Amma yanzu ta gane kallon nan: roƙonta yake yi, ita kuwa tana ce masa yaro. Kunya ta rufe ta har ta kasa ɗaga ido.

"Ta dai narke kafin motar ta zo, ko Inna?"

Mai Kitso ta kama hannunta.

"Ta narke, 'yata."

'Yar ta sauke ajiyar zuciya, ta kwantar da kai a cinyarta. Ba a jima ba barci ya ɗauke ta. Ƙafar Mai Kitso ta sage, amma ba ta motsa ba.