Damisar da Ta Yi Wa Kawu Nzigou Hamma

A ƙauyenmu na bakin kurmin Lope babu jarumi kamar Kawu Nzigou, in dai daga bakinsa za ka ji labarin. Da masu binciken namun daji suka ɗauke shi aikin ɗaura kyamarori a jikin bishiyoyi, sai kunnuwanmu suka shiga uku. Kullum a wajen shan bammi yana cewa da damisa ta ji warinsa take canza hanya.

Ranar da aka kawo bidiyon da kyamarorin suka ɗauka, duk gari muka taru a makaranta. Muka ga giwa tana sosa ƙugu da bishiya. Sai ga Kawu ya duƙa yana gyara igiya, yana rera waƙa. A bayansa kuwa damisa ce zaune. Ta dube shi sama da ƙasa, ta yi hamma, ta tafi abinta.

Matarsa Ibinga ce ta fara magana.

"Maigida, ashe ita ma ta duba ba ta ga abin ci ba."

"Girmamawa ce," in ji Kawu. "Ta san ni."

"Sosai ma. Ni ma da na san ka, hamma na fara."

Washegari ciwon gwiwa ya kama Kawu, irin wanda ba ya tashi sai an ambaci kurmi. Yanzu Ibinga ce ke ɗaura kyamarorin, shi kuma yana gida yana jiƙa rogo.